Neman kalma: ƙaiƙayin gaba da ba ya zuwa da ruwa, me za a kira shi a rediyo?

Maman Nusaiba, Aboabo
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da shirin lafiyar mata ranar Laraba da daddare, gobe kafin Azahar zan miƙa rubutun. Likitar da za ta zo Turanci da Tonanci (yaren Tonawa, wato Asantawan nan Kumasi) kawai take ji, ni zan riƙa fassarawa. Batun shi ne ƙaiƙayin gaba wanda babu fitar ruwa tare da shi. Kalmomi uku suka tsaya mini a wuya: vulva, contact dermatitis, da lichen sclerosus. Ta biyun ta fi damuna, don ita ce rabin shirin. Kada wanda ya ce mini "sanyi", likitar ta hana.

Ɗan Nima
Wa alaikumus salam. To in ba sanyi ba, ki ce "wayit" mana. Daga Nima har Asawase babu macen da ba ta san wayit ba. Tonawa kuma su ce odeepua. An gama.

Anti Nas, Asawase
Ɗan Nima, wannan maganar taka ita ce dalilin shirin. Wayit sunan ciwon da ke zuwa da farin ruwa mai gudaji ne, wanda ƙwayar kandida ke kawowa. Shi kuwa sanyi ya zama buhu, komai ana zubawa a ciki: ciwon mara, fitsari mai zafi, ciwon da ake ɗauka wurin saduwa, har rashin haihuwa. Da mace ta ji ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu, kantin magani za ta nufa ta sayo na matsawa, ko ta haɗiyi kafso. Alhali da yawa daga masu zuwa mana da ƙaiƙayi babu ruwa, babu wata ƙwayar cuta a jikinsu. Fatar wurin ce ta ƙi wani abu da ake shafa mata: sabulu mai ƙamshi, Dettol ko Savlon a ruwan tsarki, audugar mata mai turare, alif, miski, garin omo da bai fita daga kamfai ba, aski da reza, kamfai na leda a zafin nan namu. Mace na jin ƙaiƙayi sai ta ɗauka ƙazanta ce, ta ƙara wanki da Dettol, abin ya ƙaru, ta sake ƙarawa. Wannan shi ne contact dermatitis ɗin.

Amaryar Tafo
A Kano in jiki ya ƙi wani abu ya yi rudu-rudu muna cewa borin jini. Me zai hana ki ce borin fata? Jini bai shiga maganar ba, fata ce ta yi bori.

Maman Nusaiba, Aboabo
Borin fata ya zauna a baki. Na rubuta. Vulva fa?

Amaryar Tafo
Farji.

Hajiya Magajiya, Yalwa
A rediyo, da ƙarfe takwas, mutane na cin tuwo da 'ya'yansu? A'a 'yata. A makaranta malam zai faɗi farji yana karanta babin wanka, ba wanda zai ɗaga kai. A rediyo ki ce gaba, ko al'aura.

Anti Nas, Asawase
Mma, ban ƙi ta taki ba, amma akwai abin da ya sa likitar ta rarrabe. Vulva waje ne, fata ce. Ciki daban. Ƙaiƙayin da muke magana yawanci a waje yake, shi ya sa maganin matsawa ba ya taɓa shi. In aka ce "gaba" kawai, mai sauraro ba za ta san an bambanta ba. Ni a ɗakin awo "fatar gaba" nake cewa, in kuma ciki nake nufi in ce "cikin gaba". Ban taɓa ganin wadda ta kasa ganewa ba.

Malam Ɗanjuma, Sabon Zango
Salamu alaikum. Yanzu na shigo na karanta, kuma ina ganin an sa ƙafa a hanyar da ba ta ɓullewa. "Borin fata", "fatar gaba", "ƙaiƙayi marar ruwa", duk waɗannan bayani ne, ba suna ba. Harshe mai rai suna yake raɗa wa cuta. Hausa tana da ƙirarta ta yin haka. Daga sanƙare aka sami sanƙarau. Daga ƙanjame aka sami ƙanjamau, kuma wannan a idonmu aka yi shi, yau har jaridu da gidajen rediyon ƙasashen waje shi suke amfani da shi. To daga sosa me za a samu? SOSAU. Gajere, Bahaushe tsantsa, yaro ma zai riƙe. Ki ce "ciwon sosau" ranar Laraba, ki ga in bai kama gari ba kafin Juma'a.

Ɗan Nima
Malam, sosau sosai? 😂

Malam Ɗanjuma, Sabon Zango
Ka yi dariya. Haka aka yi wa duk wanda ya fara kawo kalma.

Anti Nas, Asawase
Malam, Allah ya ƙara ilimi, ƙirar ta yi kyau. Matsalata da ita ta aiki ce. Mai ƙazuwa yana susa. Mai ƙwarƙwatar gaba yana susa. Yarinya 'yar shekara biyar da tsutsar ciki ke fitowa da dare tana bi ta gabanta, ita ma susa take har ta kasa barci. Dukkansu sosau ke nan, alhali maganinsu bai haɗa hanya ba. Ƙazuwa sai an shafa benzil benzowet ko fametirin a jiki duka, kowa a gidan ya shafa, a wanke zannuwan gado. Tsutsa sai mebendazol, a maimaita bayan mako biyu. Borin fata kuwa maganinsa na farko a daina abin da ya jawo shi, tsarki da ruwa zalla, kamfai na auduga, a ɗan shafa basilin. In muka ba su suna ɗaya, mun ɗinka sabon buhu irin na sanyi. Wata uku ba za a yi ba sai ka ji mai lasifika a kasuwar Kejetia yana tallar maganin sosau.

Malam Ɗanjuma, Sabon Zango
Wannan laifin masu talla ne, ba laifin kalma ba. Ita kanta sanƙarau ai alama aka duba aka raɗa mata suna, wuya ne ke sanƙarewa. Ba wanda ya ce a jefar da ita.

Hajiya Magajiya, Yalwa
Malam, ni ban yi karatun nahawu ba, amma na san kunnen matan Zango. Duk cutar da ta ƙare da "au" mai kashe mutum ce. Ka ce wa mace tana da sosau, a daren nan za ta hau mijinta da faɗa ta ce shi ya kwaso mata. Ga shi muna so mu gaya mata sabulunta ne.

Amaryar Tafo
Gaskiya dai a Kano ban taɓa jin sosau ba.

Ɗan Nima
To fa, an zo wurin. Kullum sai an ce a Kano. Amarya, a Kano kun taɓa jin wayit? Kun taɓa hawa turoturo? Mu nan Hausarmu ta yi shekara fiye da ɗari tana cinikin goro da Tonawa, ba ta jiran takardar izini daga Kasuwar Kurmi.

Amaryar Tafo
Yaya, ni ban ce taku ba Hausa ba ce. Amma mutanen da ke cewa "matana ya zo" su ne za su ƙera wa duniya kalmar likitanci?

Ɗan Nima
Matana ya zo, ya dafa wake da shinkafa, Gana duka ta karɓa tana kiransa waakye. Ku me kuka ba Yarbawa?

Malam Ɗanjuma, Sabon Zango
A nan ina bayan Ɗan Nima, duk da ya yi mini dariya. Ni a Kano na yi karatu, ina girmama malamaina, amma ba a rubuta a ko'ina cewa sai Kano ko Zariya za su haifi kalma mu kuma mu yi reno ba. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir, bai ce Kananci kaɗai ne Hausa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne mu da kanmu mun raina kanmu. Yaranmu a Aboabo suna cewa "infekshan", suna cewa "alaji", ba mai tsawatarwa. Na kawo kalma daga tushen Hausa, an taru a kaina.

Maman Nusaiba, Aboabo
Don Allah jama'a, goro da waakye su jira. Saura kalma ta uku ko taɓa ta ba a yi ba.

Anti Nas, Asawase
Ita ce ma ta fi bukatar a yi hankali. Lichen sclerosus ciwon fata ne da ya fi kama matan da al'ada ta ɗauke musu, wani lokaci da ƙananan yara mata. Fatar gaba ta yi fari, ta yi siriri tana tsagewa, ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare. Ba a ɗaukarsa wurin miji, ba a kuma shafa wa kowa. Maganinsa man shafawa ne mai ƙarfi, kulobetasol, ana yin kamar wata uku a ƙarƙashin kulawar likita, sannan a riƙa komawa ana dubawa, domin in an bar shi yana iya sa wurin ya tsuke, kuma a cikin kaɗan daga masu shi yakan rikiɗe ya zama daji. Iyayenmu mata su ne masu shi, su ne kuma ba za su taɓa buɗe baki su faɗa ba. Kada a haɗa shi da bushewar da ke zuwa bayan ɗaukewar al'ada ko lokacin shayarwa. Waccan raguwar sinadarin istirojin ce, ita ma tana sa ƙaiƙayi babu ruwa, amma nata maganin daban.

Amaryar Tafo
Farin tabo? Ko farar fata?

Ɗan Nima
Farar fata ai Bature ne, Amarya.

Hajiya Magajiya, Yalwa
Duk abin da kika sa wa "fari" a garin nan wayit za a ji. Sai tsohuwa ta aiki jikarta kanti.

Malam Ɗanjuma, Sabon Zango
To ga inda sosau zai yi aiki. Tunda kun ce ya yi faɗi, a taƙaita shi ga wannan ciwon kaɗai. Ba shi da suna a Hausa, yana da haɗari, Hajiya kuma ta ce "au" na masu haɗari ne. Kun ga hujjarku ta dawo hannuna.

Anti Nas, Asawase
Malam ya iya lauya. Amma ka duba: tsohuwa ta je asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye ta ce tana da sosau, wa zai gane? Gara ta ce "fatar gabana ta yi fari tana tsagewa", kowace nas ta san abin da za ta duba. Ni a nan na fi son a faɗi sunan Turancin sau ɗaya, laikin, sannan a bi shi da bayani.

Wani abu kuma, Maman Nusaiba, ko da lokaci ya ƙure kada ki bari a tashi ba a faɗi biyun nan ba. Na ɗaya, mayukan nan masu haɗi uku irin su Funbact-A da ake saya ba takarda, akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Ƙaiƙayi zai kwanta kwana biyu ya dawo, in aka daɗe ana shafawa fatar ta ƙara siriri. Na biyu, ƙaiƙayin da ke tafiya yana dawowa, a auna suga. Kandida ma takan zo ba tare da ruwan kirki ba, musamman ga mai ciwon suga, kuma akwai matan da ta nan ake fara gano suna da shi. In an daina sabulu da su Dettol mako biyu ba sauƙi, ko akwai gyambo, kumburi, ko jini, asibiti kai tsaye.

Maman Nusaiba, Aboabo
Na gode Anti. Ga abin da zan miƙa. Sunan shiri: busasshen ƙaiƙayi, in bayyana cewa wanda ba ruwa nake nufi. Vulva: fatar gaba. Contact dermatitis: borin fata. Na ukun zan ce laikin, ciwon da ke sa fatar gaba yin fari. Sanyi da wayit sau ɗaya zan ambace su, don in ce ba su ba ne.

Amaryar Tafo
Busasshen ƙaiƙayi ba zai rikice da bushewar masu shayarwa da Anti ta faɗa ba?

Maman Nusaiba, Aboabo
Zai iya. Amma muna cewa busasshen tari, kowa ya san wanda ba majina ake nufi. A kan wannan na ɗora.

Malam Ɗanjuma, Sabon Zango
"Laikin". Mun zauna tun Magariba mun haifi laikin. To shi ke nan, shirinki ne. Borin fata ban ƙi shi ba, ko da yake bori ma akwai magana a kansa, wani zai ɗauka 'yan bori ake nufi. Alfarma ɗaya nake nema: in an buɗe layin waya, ki tambayi masu sauraro ko sosau ya yi musu. Su yanke, ba 'yan zauren nan ba.

Maman Nusaiba, Aboabo
Minti arba'in da biyar gare ni, Malam, rabi kuma fassara ce. In lokaci ya ragu zan tambaya.

Malam Ɗanjuma, Sabon Zango
Ba zai ragu ba, na sani. Zan kira da kaina.

Hajiya Magajiya, Yalwa
Ka kira, amma ka bari mata su fara samun layi. Maman Nusaiba, ki ƙara turaren tsuguno da bagaruwa a jerin abubuwan da za ki tambayi likitar, don su za a fi kira a kai.