Husufi ko gilmawa: wace kalma za mu tsayar?

Malamin kimiyya daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, malamai. Ina neman mu daidaita a kan kalmar Hausa da za ta tsaya a madadin transit, wato lokacin da wata duniya ta ratsa ta gaban tauraron da take kewayawa, haskensa ya ɗan ragu, na'ura ta auna raguwar. Da wannan dabara madubin hangen nesa na Kepler, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a 2009, ya gano duniyoyi fiye da 2,600. Ɗalibaina suna cewa husufi, amma hankalina bai kwanta da kalmar ba.

Malama daga Gusau:
Wa alaikumus salam. Malam, yaran ba su kauce ba, domin a husufin rana ma wata ne yake shiga tsakaninmu da ita, kuma kalma ce da kowa ya sani.

Malamin kimiyya daga Birnin Kebbi:
Gaskiya ne, Malama, sai dai duk wanda ya ji husufi, duhu da sallar da ake yi dominsa ne suke faɗo masa a rai, alhali abin da ake aunawa a nan ƙanƙane ne ƙwarai. Duniya mai girman Jufita tana rage hasken tauraro irin ranarmu da kusan kashi 1 cikin 100, tamu kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Idan muka ce husufi, mun ɓoye wa ɗalibi wahalar aikin.

Dattijo daga Argungu:
Ku ɗauki gilmawa. Abin da ya gilma wucewa yake yi ta gaba, ba ya rufe komai, kamar yadda Zara ta ratsa fuskar rana a watan Yunin 2012, ɗigo baƙi kawai, kuma ba za ta sake ba sai 2117. Kalmar tana karɓar ƙari cikin sauƙi: zurfin gilmawa, wato yawan raguwar hasken, shi ne yake nuna girman duniyar, tazarar da ke tsakanin gilmawa biyu kuma tsawon shekararta.

Malama daga Gusau:
Allah ya ƙara girma, Baba, na amince da dabarar gilmawa. Saura dabarar da masana taurari Michel Mayor da Didier Queloz suka bi a 1995 wajen gano wata duniya da ke kewaya wani tauraro, inda nauyin duniya yake jan tauraronta gaba da baya har launin haskensa ya ɗan sauya. Ina ba da shawarar mu kira ta rangajin tauraro, idan malamai sun yarda.