Tattaunawa: "Suna linzami ne"

Ɗan Hausare, Garwa: Salamu alaikum. Jiya a wurin suna aka yi cacar baki a gidanmu. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Ngaundere ya kira ƙanin mahaifinsa da sunansa na yanka, gatsau, a gaban baƙi. Baffan ya ajiye kofin shayi ya ce masa: "Yaro, suna linzami ne." Yaron ya ce ai don a kira aka raɗa shi. Har yanzu abin na cina. Me kuka fahimta da maganar?

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Doki ko yana sukuwa, aka ja linzami sai ya tsaya. Haka mutum, ko cikin babbar kasuwar Marwa aka ambaci sunansa sai ya waiwaya. Ka ga kuwa ba yaro ne zai ja linzamin baffansa ba. A Suratun Nur, aya ta 63, an hana a kira Manzon Allah (SAW) kamar yadda muke kiran junanmu.

Maman Ummi, Kuseri: Malam, a gafarce ni, mu a gidanmu wurin raɗin suna ake faɗinta. Wai sunan da ka sa wa ɗa shi ke jan halinsa.

Jikar Inna, Marwa: Kun tuna mini da kakata, Allah Ya jiƙanta. Kakanmu Adamu ne, ana ce masa Ɗanjuma. Har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin ɗaya daga cikin sunayen nan a bakinta. Ko Juma'a ba ta faɗa, sai dai "babbar rana". Lokacin ƙidayar 1987 ma'aikaci ya shigo da takardunsa, Malam ya tafi cin kasuwa. Ya tambaye ta sunan maigida. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ci gaba da tsince shinkafarta a faifai. Ya sake tambaya da Fulatanci, shiru. Da ya matsa sai ta ce: "Ranar da ke bin Alhamis." Bawan Allah ya kusa rubuta Juma'a, sai da aka kira yaron maƙwabta ya faɗa. Ɗanta na fari, babana ke nan, "wancan" take ce masa har ya yi furfura. Da aka haifi ƙanena aka mayar masa da sunan Malam, ita ta fara ce masa Abba, ranar tana murmushi tana share hawaye.

Ɗan Hausare: Allah Ya kai haske kabarinta. Irin wannan alkunya ai maƙwabtanmu Fulani sun fi mu riƙo, semtende suke ce mata.

Direban Injamena: Amin. Nan Chadi kuwa da ka haye gadar Ngeli za ka ji Larabawa na kiran mace da sunan ɗanta: Am wane. Mu da ke ɓoye sunan ɗan fari, su da shi suke girmama uwa. Malami kuma Faki ne, a Garwa Modibbo.

Ɗan Moto: Ni na 'yan boko ke ba ni dariya. A Nijar malamin makaranta "mushe" ake ce masa, wato "monsieur" na Faransanci, kuma ya amsa da fara'a!

Direban Injamena: Kai dai bari. Wani a unguwarmu da Baba yake kiran kowane tsoho, yana durƙusawa har ƙasa. Da ya ci zaɓe, in ba ka ce Onorabul ba ko sallamarka ba ya amsawa.

Ɗan Moto: Wannan ai linzaminsa jaka biyu ne ranar kamfen.

Malamin Zaure: Ku yi hattara da gulma. Mu koma kan magana.

Maman Ummi: To Malam, matan yanzu da ke kiran miji da sunansa, shi kuma yana so, su ma sun ja linzamin ne?

Jikar Inna: Ni dai "Baban Abdul" nake cewa. Ɗan Hausare, yaron ya je ya ba baffan nasa haƙuri kuwa?