Sola ko gyaran rufi: da wanne ya kamata in fara kafin zafi ya shigo?

Malamin Firamare, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar sola, musamman masu haɗa ta da hannunsu da kuma waɗanda suka shekara biyu ko uku suna amfani da ita. Ni malamin makaranta ne, ina zaune da iyalina a gidan da muka gada daga mahaifinmu, mai ɗaki uku da falo, rufinsa kuma na kwano ne da ya haura shekara ashirin. Maiɗakina tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, abin da take samu kuwa yana ɗauke mana cefanen kwanaki masu yawa a wata, saboda haka firizarta jari ce a gidanmu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin janareta ya daina fita. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, ribar ƙanƙarar duka sai ta koma gidan mai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Ina tsaye a tsakar gida na ga maiɗakina tana kwance ƙullin kunun aya ɗaya bayan ɗaya tana zubarwa a kwata saboda ya yi tsami, ba ta ce uffan ba har ta gama. Daga ranar na shiga adashi da niyyar sola.

Na kira masu haɗawa biyu. Na farko ya tsaya a falo ya ce ƙaramar inbata (na'urar da take mayar da wutar batiri irin wadda kayan gida suke amfani da ita) da batura biyu na ruwa masu 200Ah (ma'aunin yawan cajin da batiri yake riƙewa) da farantan sola biyu za su ɗauki komai har da firiza. Na biyu ya nemi tsani, ya hau ya duba rufin, ya sauko ya ce ba zai ɗora komai a kai ba sai kafinta ya gani, sannan ya ba da lissafin batirin litiyam da faranti huɗu, kuɗin da ya ninka na farko har da ɗoriya. Abin da ke hannuna zai isa aikin na farko, ko kuwa gyaran rufi da wani ɓangare na aikin na biyu. Azumi yana matsowa, lokacin da ƙanƙara ta fi kasuwa. Da wanne zan fara?

Mai Haɗa Sola, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi maganar wanda ya fi gaskiya a cikinsu, ɗauki biro mu yi lissafin da ya kamata na farkon ya yi a gabanka. Fankar sama ta gargajiya tana jan kimanin wat 70, idan uku suka kwana suna juyawa na awa goma, an sha wat-awa 2,100, wato wat sau yawan awannin aiki. Ƙwayayen fitila takwas masu wat 10 na awa shida sun kai 480, talabijin da cajin wayoyi kuma a ba su kimanin 400. Ka ga an doshi 3,000 a dare ɗaya ba a ma taɓa firiza ba. Batiri mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe wat-awa 2,400 a rubuce, biyu sun zama 4,800, amma batirin ruwa ba a son a riƙa zuƙe fiye da rabinsa, domin duk daren da aka kai shi ƙasa ana rage masa kwana ne. Abin da kake da shi a zahiri 2,400 ne, buƙatarka kuwa ta fi haka. Aikin zai burge ka a watannin farko, daga nan sai ka ji inbata tana kuka da ƙarfe uku na dare, sannan ƙarfe ɗaya, har ka koma sayen sababbin batura tun ba ka huce kuɗin na farko ba. Na sauke irin waɗannan batura daga gidaje da yawa, wasu sun kumbura kamar burodi.

Firiza kuma tana da halinta. Ko da tana jan wat 150 zuwa 200 a tafiya, a lokacin da injinta zai tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na ɗan daƙiƙoƙi, ƙaramar inbata kuwa a nan take yankewa. Firizar da ake cika wa ruwa mai ɗumi kullum ba ta hutawa kamar ta ajiyar nama, injinta yana aiki kusan ba tsayawa. Don haka a nemi inbata mai ba da tsaftatacciyar wuta irin wadda ba ta sa fanka gurnani, a kuma tsara aikin yadda firizar za ta ci rana kai tsaye tun daga hantsi har la'asar, maimakon ta ci batiri da dare.

Game da rufi, na biyun ya yi maka adalci. Farantin sola mai wat 550 ya haura mita biyu a tsawo, nauyinsa kuma ya kusa kilo 28, huɗu tare da ƙarafunan da za su riƙe su sun wuce buhun siminti biyu. Nauyin ma ba shi ne babban abin tsoro ba, iskar farkon damina ce, wadda take shiga ƙarƙashin farantin ta ɗaga shi sama, idan katakon da aka ɗaure shi a kai gara ta ci, sai ta tafi da farantin da kwanon baki ɗaya. Ƙari a kan haka, duk ramin da aka huda a tsohon kwano ƙofa ce ta yoyo, kuma ranar da ka tashi sauya rufin sai ka biya a sauke aikin, ka sake biya a mayar.

Shawarata ita ce ka fara da kafinta. Bayan haka ka sayi inbata mai kyau da farantan, domin su ne suke daɗewa, batiri kuma ka fara da abin da aljihunka ya iya. Ka sauya fankokin nan uku da ƙananan fankoki masu caji ko masu aiki da wutar batiri, waɗanda ba su cika wuce wat 30 ba, wannan kaɗai zai zabge fiye da rabin abin da fankoki suke sha. Kada kuma ka yarda a haɗa maka ba tare da bireka (abin da yake katse wuta idan ta yi yawa) tsakanin batiri da inbata ba, da sandar ƙasa da abin kare tsawa, domin a nan ne masu araha suke rage kuɗi, mai gida bai sani ba.

Uwargida Mai Ƙanƙara, Zariya

Malam, ina gaishe ka, ka kuma gaida mini 'yar'uwata mai sana'a, na san zafin zubar da kunu. Shekarata ta uku ke nan ina ƙanƙara da sola, kuma ban taɓa barin firizata a kunne da dare ba. Ina kunna ta idan rana ta ɗaga, in kashe kafin magariba, kuma tana kwana da sanyinta matuƙar ba a yi ta buɗewa ba. Na hana yara taɓa murfin daga isha'i. A ƙasan firizar na jera robobin ruwa da na zuba wa gishiri, su ba na sayarwa ba ne, aikinsu riƙe sanyi, domin ruwan gishiri sai sanyi ya yi tsanani yake daskarewa, idan kuma ya daskare yana taimaka wa sauran kayan su kai safiya. Ruwan da zan ƙulla kuwa a randa yake kwana, zoɓo ma sai ya huce sarai nake sa shi, saboda zuba abu mai ɗumi yana cinye rabin ranar injin a banza. Ina shimfiɗa bargo a kan murfin kaɗai, ban rufe gefunan ba, domin ta jikinta take fitar da zafi.

Abin da ba a gaya mini ba da farko shi ne ƙura. A hunturun farko na ga ƙanƙara ta daina kamawa, na ɗauka an cuce ni da jabun kaya, ashe farantan ne suka yi fururu kamar an barbaɗa musu garin ƙasa. Yanzu duk bayan kwana uku ko huɗu ƙanena yana wanke su da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi, da ruwa da tsumma mai laushi. Don haka duk inda za ku ɗora su, ku tabbata wuri ne da mutum zai iya kaiwa ba tare da ya taka tsohon kwano ba.

Dattijo Mai Ritaya, Katsina

Ɗana, bayanin masana ya wadatar ta fuskar na'ura, ni ta wata fuskar zan duba. Ka ce gidan gado ne. Idan ba a raba ba, to rufin nan ba naka ba ne kai kaɗai, kuma bai dace ka kashe kuɗin adashinka a kansa ba tare da ka zauna da 'yan'uwanka ba. Ka tara su, a ji abin da kafinta ya ce, wanda zai iya ya kawo nasa, wanda ba zai iya ba a rubuta abin da ka kashe a gaban shaidu. Haka nan a rubuta cewa kayan solar mallakarka ne kai da iyalinka. Na ga zumunci ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba, shekaru bayan kowa ya manta wanda ya biya.

Abu na biyu, ban goyi bayan ka ci bashi don ka riski azumin bana ba, ban kuma goyi bayan ka sayar da janareta ba. A watan Agusta akan yi kwana biyu ko uku hadari bai buɗe ba, ranar da batiri ya gaza shi ne zai fitar da ku kunya. Sai dai a ajiye shi a fili nesa da tagogi, domin hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farka ba. Ka kuma duba rukunin da layinku yake. Tun watan Afrilun 2024, da hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta mayar da kuɗin rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit a lokacin, bisa sharaɗin wutar awa 20 a rana, wasu suna cajin batiri da wutar mita ba su lura da abin da take ci ba. A saita inbatar ta fifita rana.

Ɗan Kasuwa, Maraɗi

Mu a nan mun ɗanɗani wannan tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Mutane da yawa sun ruga sayen sola cikin gaggawa, ni ma ina cikinsu, kuma gaggawar ce ta sa na karɓi batura da aka ce sababbi ne alhali an daɗe da ajiye su. Yaya, ka duba ranar ƙira a jikin batiri, ka sa a gwada shi a gabanka, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan da tsawon garanti. Idan na ruwa ka saya, tataccen ruwan da ake sayarwa don batiri (distilled water) kaɗai ake ƙara masa, ban da na rijiya ko na famfo, kuma a ajiye shi inda iska take shiga, ba ɗakin kwana ba.

Malamin Firamare, Kano

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na shiga cikin silin tare da kafinta da tocila. A ɓangaren falo katakon lafiya lau yake, amma a saman ɗakin yara ya danna wani da ɗan yatsa sai ya burme, gari yana zuba, ga hanyoyin gara sun bi bango har sama. Ya ƙirga katako tara da dole a sauya, da kwano shida da tsatsa ta huda. Baba, na karɓi shawararka, na kira yayana da ƙannena mata biyu, za mu zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Hajiya, maiɗakina ta riga ta jera robobin ruwan gishiri tun daren jiya.

Tambayata ta ƙarshe ga mai haɗa sola ita ce, tun da gyaran zai ɗauki lokaci, shin zan iya sa mai walda ya yi mini rumfar ƙarfe a tsakar gida a ɗora farantan a kai, a bar rufin gaba ɗaya? Akwai bishiyar darbejiya a gefen gabas.

Mai Haɗa Sola, Kaduna

Za ka iya, Malam, kuma a wurina ya fi, domin wanki zai yi sauƙi, iska za ta riƙa ratsa ƙarƙashin farantan ta rage musu zafi, ku kuma ku sami inuwar zama. Ƙafafun rumfar a binne su cikin kankare, a ɗaure farantan da kusoshi masu wuyar kwancewa saboda ɓarayi. Su fuskanci kudu da ɗan karkata na kimanin digiri 12 zuwa 15, wanda ya dace da Kano kuma yana barin ruwan sama ya gangara da ƙura. Darbejiyar ce abin lura, saboda inuwar reshe ɗaya a kan faranti ɗaya tana iya rage ƙarfin duk waɗanda aka jera tare da shi. Kafin mai walda ya yanka ƙarfe, ka ware rana guda ka riƙa zana iyakar inuwar a ƙasa da gawayi, da ƙarfe tara da sha biyu da uku, ka kafa rumfar inda zanen bai taɓa ba, ka bar 'yar tazara domin inuwa tana gusawa daga hunturu zuwa bazara. Ka kuma auna nisan wurin zuwa inda inbata za ta zauna ka turo mini, in faɗa maka kaurin wayar da za ka saya.