Wai wa zai biya kuɗin buɗe bincike kyauta?

Malamin Kemistri: Assalamu alaikum. Na ga takardar da kwamitin tsangaya ya raba jiya, wai daga zangon nan duk wanda ya wallafa bincike sai ya kai kwafi a saka a rumbun jami'a na intanet kowa ya karanta kyauta, har da kundin mastas da na dakta. Ni dai ban yarda ba. Wagga kyauta ba kyauta ba ce, kaya ne anka sauke daga kan mai karatu anka aza wa marubuci. Mujallar Nature a 2021 yuro 9,500 ta yanka wa mai son a buɗe takardarsa, ku buga da canjin yau ku gani ko albashin shekara zai kai.

Hajiyar Laburare: Wa alaikumus salam Dakta. Ina cikin kwamitin, kuma wallahi ba mu ce kowa ya biya ko sisi ba. Hanya biyu ce kake haɗawa. Akwai wadda za ka biya mujalla ta buɗe, akwai kuma wadda za ka kawo mana kwafinka na ƙarshe wanda aka amince da shi kafin su tsara shafuka, mu ajiye a rumbu, kamfanoni da yawa sun yarda da haka, wasu dai sai bayan wata 6 ko 12. Ta biyun muke nufi. Sannan ka leƙa DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, da aka fara a 2003, mafi yawan mujallun ciki ba sa karɓar komai daga marubuci.

Malamin Kemistri: Hajiya su waɗanda ba sa karɓar kuɗin, ranar ƙarin girma wa ke kallonsu? Ko mujalla tana cikin Scopus, wato jerin mujallun da duniya ta sani, shi ake tambaya.

Ɗan Anka: Ranka ya daɗe Dakta a yi mini uzuri in sa baki, ni ɗalibinku ne amma abin ga ya taɓa ni. A 2010 da gubar dalma ta shiga ƙauyukanmu na Anka da Bukkuyum saboda daka dutsen zinari cikin gidaje, yara aƙalla 400 sunka rasu, muna ji muna gani. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da sunka yi jinyar sun rubuta abin da sunka gani ya fito a mujallar PLOS Medicine a 2014, zagayen magani 3,180 ga yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa, kuma ni da wayata da datar ɗari biyu na sauke ta na karance. Wasu takardun kan ƙasarmu da jinin yaranmu kuwa in ka danna sai a ce kawo dala talatin ko fiye. Ma'aikacin lafiya a Bagega ina zai ga wannan? An ɗebi jinin a gidanmu, an kulle sakamakon a Turai.

Malamin Kemistri: Allah ya jiƙansu, ƙanena, ban musa maka ba. Amma ita ma PLOS ɗin biya ake yi, su suna da mai biya musu, ni wa gare ni? Kuma tun da maganar nan ta yaɗu kullum sai imel ya shigo, kawo dubu kaza mu buga maka cikin kwana uku, babu mai dubawa. Na san yaran da sunka ci bashi sunka zuba a irin waɗannan, ranar tantancewa anka soke takardun duka.

Hajiyar Laburare: Wannan gaskiya ne kuma yana ci mini rai, shi ya sa muka ce a riƙa kawo mana sunan mujalla mu duba kafin a tura kuɗi. Ga AJOL nan ma, shafin da ke tara mujallun Afirka a intanet, tun 1998, mujallun Najeriya cike a ciki.

'Yar Mastas: Ni tsorona daban ne Mama. Shekara biyu ina bin gonakin Bakalori da ke wajen Mafara ina auna ƙasa, da kuɗin motata, wani lokaci hanyar ma sai da addu'a, sai a ɗora kundina wani ya sauke a shagon kwamfuta ya canza Mafara zuwa wani gari ya karɓi digiri?

Hajiyar Laburare: Ɗiyata ai yanzu ma ana yi, kuma kundayen da ke jibge kan kanta masu ƙura su aka fi kwafa don Turnitin, manhajar kama satar rubutu, ba ya ganin abin da bai hau intanet ba. In naki yana sama da sunanki da kwanan wata, ɓarawon ne zai kwana da fargaba.

'Yar Mastas: To a ba ni dama in fitar da takarda daga ciki tukuna, ko shekara ɗaya ce.

Malamin Kemistri: Nan kam ina bayanta. Ni ma zan kawo kwafina in har ba biya, amma Hajiya a rubuta a takarda cewa kwamitin ƙarin girma zai ƙirga mujallunmu na gida da ke AJOL, in ba haka ba mun buɗe wa duniya mun rufe wa kanmu.

Hajiyar Laburare: Na ɗauki na jinkirin shekara, zan kai zaman Alhamis. Na ƙarin girma ba hurumin kwamitinmu ba ne Dakta, sai majalisar jami'a, ka rubuto mu sa hannu tare.