A Raba Auren Ko A Jira Ta Warke?

Abu Sumayya: Abin da wasu iyaye ke yi ya isa haka. A ɓoye wa mutum cewa yarinya mahaukaciya ce, tana karɓar magani, sai an kai ta ɗaki ya gani da idonsa. Shari'a ta ba shi dama a raba auren, a biya shi duk abin da ya kashe. Mai ja ya kawo hujja.

Maman Ilham: Mahaukaciya? Haba Malam. Wadda ke shan maganinta, tana girki, tana zuwa makaranta? Mahaukaci shi ne mai kwana a bola.

Abu Sumayya: To Hajiya, wanda ake kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa me sunansa?

Sista Hadiza: Mara lafiya. Ciwon damuwa daban, mai sa mutum jin muryoyi daban, na bayan haihuwa daban. Shi na jego yakan taso cikin makonni 2 na farko, kuma da magani akasari ana warkewa. Abin da ya fi tayar da ciwon amarya yanke magani ne. Dangi su ɓoye ƙwayoyin kada dangin ango su gani, ga rashin barcin hidimar biki, bayan 'yan makonni sai abu ya dawo a gidan miji.

Malam Habibu: 'Yar'uwa, fiƙihu bai ji kunyar kalmar ba. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ambaci aibobi 4 da ake mayar da mace saboda su: hauka, kuturta, albaras, da ciwon gaba. Amma da sharaɗi. Ciwon ya riga ɗaurin aure, miji bai sani ba, kuma da ya sani bai yarda ba. In ya kusance ta bayan ya sani, zaɓinsa ya faɗi, kuma a nan yawancin masu ƙara ke zamewa. In ana sa ran warkewa, alƙali zai jinkirta shekara guda. Batun kuɗi kuwa, kafin saduwa ba ta da sadaki. Bayan saduwa sadaki nata ne, sai miji ya bi uba ko ɗan'uwan da ya aurar. In waliyyi na nesa ne wanda bai san halinta ba, ita za ta mayar, a bar mata rubu'in dinari.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, haukan da littafi ke nufi shi ne na mai shan ƙwaya ɗaya da dare?

Ɗan Baiwa: Duk kun bar hanya. Yawancinsu shafar aljanu ce, ruƙiyya za a yi.

Sista Hadiza: A yi addu'a, amma kada a ɗaure mutum da mari a hana shi magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin irin waɗannan.

Ɗan Baiwa: Ku 'yan boko dama ba ku yarda da iska ba.

Barista Nura: Kada a haɗa dokoki. Raba auren rajista yana ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970: dole ciwon ya kasance tun ranar aure, a shigar da ƙara cikin wata 12 daga ranar auren, kuma ba a sadu ba tun da aka gane. Auren Musulunci kotun shari'a za a je, da shaidu da takardar likita. Katin asibiti mai kwanan wata ya fi shaidar maƙwabta.

Abu Sumayya: Lefe fa? Akwati shida ya tafi a banza?

Maman Ilham: Ashe akwati ne ciwon. To gadon da kujerun da ubanta ya zuba wa zai biya? Kuma in mijin ne ba shi da lafiya?

Malam Habibu: Ita ma tana da zaɓi, har ma in bayan aure ya same shi, domin ba ta da saki a hannunta.

Alhaji Tanko, shugaban zaure: Za mu rufe a nan. An tabbatar Abu Sumayya na da gaskiya, a raba auren, iyaye su biya. Maganar suna kuwa hayaniyar mata ce kawai.

Sista Hadiza: Alhaji, ka tsallake jinkirin shekara guda, kuma Malam sadaki kaɗai ya ce.