Da gaske babban tankin murjani ya fi ƙarami sauƙin riƙewa?

Baban Khalifa, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in kai wa mai gilashi kuɗi. Shekara biyu ke nan ina riƙe da tankin ruwan gishiri mai tsawon santimita 60, faɗi 40, zurfi 40, wato lita 96. A ciki akwai kifin kilawun guda biyu, masu ruwan lemo da ratsin fari, da murjani, halittar teku mai rai da ke girma a jikin dutse, irin mai laushi, wanda ya bazu har ya rufe duwatsun. Yanzu wasu har taɓa juna suke yi, ka tashi da safe ka ga gefen ɗaya ya ƙone ya yi fari. Ina so in koma mai 120 da 60 da 60, lita 432. Wanda ya koya mini harkar ya ce mini kai tsaye babban tanki ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, duk wanda ya koma babba hutawa yake yi. Uwargida kuma ta ce ba ta taɓa ganin abin da ya ƙara girma wahalarsa ta ragu ba. Ina gaskiyar take?

Dakta, Manchesta: Wa alaikumus salam. Malaminka ya faɗi gaskiya, kuma ni shaida ne. Murjani ba abin da ya tsana kamar sauyi. So yake gishiri ya tsaya a giram 35 cikin lita, zafi tsakanin digiri 25 da 26, kalshiyam wajen miligiram 420 cikin lita, yau da gobe da jibi duk ɗaya. A lita 96, kifi ɗaya ya mutu a bayan dutse ba ka gani ba, kafin kwana biyu amoniya, gubar da ruɓewarsa ke fitarwa, ta gama da sauran. Tankin da kake so ya ninka naka sau huɗu da rabi, saboda haka gubar za ta narke ne cikin ruwa ninki huɗu da rabi. Ka zuba abinci ya yi yawa, ka yi kuskuren awon sinadari, babban tanki zai shanye. Tun da na bar ƙarami shekara shida da suka wuce ban sake asarar murjani a dare ɗaya ba.

Injiniya, Abuja: Dakta, Allah ya ƙara lafiya. Maganar narkewar guba na yarda da ita. Amma akwai wadda ake yawan haɗawa da ita, wai a babban tanki gishiri ba ya hawa idan ruwa ya yi tururi, kuma lissafi bai goyi bayanta sosai ba. Ruwa ta samansa yake tashi. Saman tankin Baban Khalifa na yanzu murabba'in santimita 2,400 ne, na sabon 7,200, ninki uku ke nan. Ruwan ya ninka sau huɗu da rabi, tururin ya ninka sau uku. Ribar da ya samu kashi ɗaya cikin uku ce kacal, kuma daga zurfi ta fito. Idan da hunturu yana cike gurbin lita 2 a rana, ya shirya wa lita 6, kuma dole ruwan da injin RO, na'urar da ke tsame sinadarai daga ruwa, ya tace, don na burtsatse gansakuka zai haifa masa.

Dakta, Manchesta: Wannan ai ƙaramin famfo mai cike gurbi da kansa ya warware shi.

Injiniya, Abuja: Famfon da wuta yake aiki, ranka ya daɗe. A nan ne ni da kai muka rabu.

Auta, Kano: Yayyena ku ba ni dama, don abin da Injiniya ya taɓo a kaina ya faru. Nawa lita 350 ne. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, aka ɗauke wuta tun bayan la'asar, ni kuma ina wajen ɗaurin aure a wani gari. Batir ɗin inbata ya ƙare cikin dare. Da na iso da hantsi na tarar da kifayen duk sun taso sama suna haki, ruwan ya yi hazo-hazo, ma'aunin zafi yana nuna 31. Babban kifina, tang ɗin nan mai ruwan ɗorawa da na raina shekara uku, yana kwance a kan yashi, kunnuwansa a buɗe. Na tayar da janareta, na kwaso gorunan ƙanƙara daga shagon maƙwabci ina jefawa, amma ma'aunin ko motsi bai yi ba sai can da yamma. Cikin mako guda murjanin mai rassa ya koma fari fat kamar ƙashi.

Lokacin ina da ƙaramin tanki an sha ɗauke wuta, kuma ban taɓa asara irin wannan ba. Ƙaramin famfon iska mai batir da gora biyu ta ƙanƙara sun ishe ni. Don haka idan aka ce mini babba ya fi sauƙi, sai in tambaya, a wane gari?

Baban Khalifa, Kaduna: Subhanallahi. Allah ya mayar maka da alheri, ƙanena.

Injiniya, Abuja: Amin. Abin da ya gani da ƙanƙara ma lissafi ne. Gora mai lita ɗaya da rabi idan ta narke tana sauke zafin lita 96 da fiye da digiri ɗaya da rabi. A lita 432 ko rabin digiri ba za ta kai ba. Ruwa mai yawa yana jinkirin ɗaukar zafi, gaskiya ne, amma haka yake jinkirin sakinsa. Sannan ruwan gishiri mai ɗumi iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa, kuma da famfo ya tsaya, kifi da murjani da bakteriyar cikin dutse duk ita suke ja. Mai babban tanki kuwa ba ya tsayawa a kifi biyu, sai ya cika shi.

Dakta, Manchesta: Auta, na tausaya maka ƙwarai. Amma a yi adalci, abin da ya kashe kifinka rashin wuta ne, ba girman tanki ba. Ba don yawan ruwan ba, da tun tsakar dare komai ya mutu. Ruwan ne ya riƙe su har ka iso ka ceci wasu.

Auta, Kano: Na yarda ya riƙe su, Dakta. Amma ni ban san yadda zan raba tanki da wutar da ke rayar da shi ba. Ku can ɗumama ruwa ne damuwarku, hita ta wadatar. Mu nan sanyayawa ce, kuma na'urar sanyaya ruwa ita ce mafi cin wuta a duk kayan. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, Naira 225 kan kowane yunit. Wanda ba ya wannan rukunin kuma fetur yake saye.

Hajiya Maman Iman, Jidda: Sannunku da muhawara. Ni matsalar wuta ba ta dame ni a nan, amma duk da haka ba zan ce babba ya fi sauƙi ba, don ni nake ɗaukar jarkokin. Ɗana Baban Khalifa, ka zauna ka lissafa. Canjin ruwa na kashi 10 cikin 100 duk mako, yanzu bokiti ɗaya ne da gishiri ɗan kaɗan. A sabon, lita 43 ne, kusan jarka biyu, da gishiri kilo ɗaya da rabi. Ranar cikawa ta farko kaɗai kilo 15 za ta ci. Kuma ba gishirin miya ba ne, wanda aka haɗa da kalshiyam da magniziyam ne, daga waje ake kawo muku shi. Injin RO kuma kafin ya ba ka lita ɗaya sai ya zubar da uku ko huɗu. Ka tanadi inda za ka tara wannan ruwan don wanki ko ban ruwan shuka, kada uwargida ta ga ana asararsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma shi ne ranar ƙaura kanta. Tankuna da yawa a ranar suke lalacewa. Tsohon yashin nan kada ka mayar da shi. Na taɓa kwashe nawa bayan shekara huɗu, da na kai ƙasa sai ga shi baƙi ƙirin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika falo. Iskar guba ce ke taruwa inda iskar shaƙa ba ta kai, ka zuba ta a sabon tanki ka kashe kifinka da hannunka.

Dakta, Manchesta: A nan kam ina bayan Hajiya. Tacewar gaske a cikin duwatsu masu rai take, wato duwatsun tankin da bakteriya ta riga ta zauna a jikinsu. Tsarin da masu kiwon murjani na birnin Balin a Jamus suka yaɗa ke nan: dutse mai rai, motsin ruwa mai ƙarfi, da na'urar kumfa mai tsame datti. Bakteriyar da ke mayar da amoniya naitirait, sannan naitiret, a ramukan dutsen take zaune. Muddin ka ɗauke duwatsun cikin ruwansu ba su bushe ba, kuma ba ka ƙara kifi ba, ba sai ka jira makonni huɗu zuwa shida da sabon tanki ke ɗauka kafin bakteriyar ta kafu ba. Rana ɗaya ta isa.

Injiniya, Abuja: Rana ɗaya ga tsofaffin duwatsu. Amma duwatsun lita 96 ba za su cika 432 ba, sai ya ƙaro busassu, su kuma babu komai a jikinsu. Ni da zan ba shi shawara, ya jiƙa su a duro da ruwan gishiri da famfo wata guda tukuna.

Dakta, Manchesta: Ba dole ba ne. Kifin bai ƙaru ba, dattin bai ƙaru ba. Zai ga gansakuka mai ruwan ƙasa na 'yan makonni, ta wuce.

Injiniya, Abuja: Mu bar wannan a haka, kowa da abin da ya gani. Baban Khalifa, a ina za ka ajiye shi?

Baban Khalifa, Kaduna: A falon sama nake tunani.

Injiniya, Abuja: To dakata. Ruwan kaɗai ya haura kilo 440. Gilashi mai kaurin milimita 12 na wannan girman ya kusa kilo 90. Ka haɗa da teburi da ƙaramin tankin tacewa na ƙasa, ka wuce kilo 600, a kan wurin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba. Benen gidan zama yawanci kan kilo 150 zuwa 200 a murabba'in mita ake lissafa shi. Ban ce zai rufta ba, amma sai wanda ya san ginin ya duba, a jingina shi da bango a kan bim, wato katakon kankare da ke tallafe da bene. Idan da wuri a ƙasa, ka sauko da shi. Kuma teburin ya daidaita sarai, don ɗan karkata kaɗan yana buɗe haɗin gilashi a hankali.

Malam, Fot Sudan: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ba ni da tanki, amma na girma a bakin Bahar Maliya, na je Sanganeb, tsibirin murjanin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016. Wanda ya leƙa ruwan nan da idonsa, ya ga kifi dubbai suna shawagi a kan rassan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna girma, zai san lita 96 da lita 432 duk cokali ne. Abin da nake roƙo shi ne a tuna daga ina kayan suke zuwa. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da irin wannan dutsen murjani, saboda laka da ruwan daɗi da manyan koguna ke kwararowa. Duk abin da ke tankin Kaduna ko Kano jirgi ne ya kawo shi, galibi daga Indunusiya, ƙasar da ta taɓa dakatar da fitar da murjani a 2018 har zuwa 2020. Murjani mai tauri yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, sai da takarda yake ƙetare iyaka. Babban tanki yana kiran a cika shi. Idan za ka cika, ɗana, ka nemi wanda aka raina a gona ko wanda ɗan'uwa ya yanko maka daga nasa. Zafin da ya farar da na Auta shi ne ya farar da na Babban Shingen Murjani na Ostareliya a 2016 da 2017 da 2024. A teku ma ana rasa shi, kada mu ƙara da namu.

Hajiya Maman Iman, Jidda: Allah ya saka da alheri, Malam. Na manta abu ɗaya mai muhimmanci. Ka ce murjaninka mai laushi ne ya rufe duwatsu. Idan akwai irin masu kama da ƙananan furanni a jere, zowantid ko palitowa, wasunsu na ɗauke da guba mai tsanani. Ka sa safar hannu da tabarau ranar ƙaura, yara su fita daga ɗakin. Kada ka kankare dutsen a bushe, kada kuma ka kuskura ka zuba masa tafasasshen ruwa, tururin ya sha kai iyali guda asibiti.

Baban Khalifa, Kaduna: Akwai su kuwa, Hajiya, kore da ruwan goro, kuma da hannu nake taɓa su. Na gode da wannan.

Ga inda na tsaya. Zan yi tankin, don murjanin ba shi da sauran wuri. Amma kuɗin da na ware wa sababbin kifi zan fara sayen batir da faifan sola da su, na famfon motsa ruwa shi kaɗai, da fanka a saman ruwa. A falon ƙasa zai zauna. Ba zan yi ƙaura da bazara ba, sai ruwan sama ya sauka gari ya yi sanyi. Yashi sabo, tsohon tankin kuma in bar shi wurin killace duk kifin da zai shigo nan gaba.

Dakta, Manchesta: Tsari ya yi. Har yanzu ina kan bakana, bayan shekara guda za ka dawo ka ce ka huta.

Auta, Kano: Allah ya sa haka, Dakta. Yaya, kafin ka zuba ruwan gishiri ka cika shi da ruwan famfo a tsakar gida ya kwana uku, ka shimfiɗa takarda a ƙarƙashinsa ka ga ko za ta jiƙe. Ina da duro biyu masu tsabta da famfon iska mai batir. Ka faɗa mini ranar, zan taho da su.