Wuyan jitar lantarki da na haɗa ya lanƙwashe, ina mafita?

Sabon hannu:
Salam 'yan uwa. Ni kafinta ne, na haɗa jitar lantarki ta farko a ɗan shagona, gangar jikin ta yi kyau wallahi amma ina ɗaure tsirkiyoyin shida sai wuyan ya fara lanƙwasa, kuma sautin baya zama daidai in na danna can ƙasa. Don Allah a taimaka, abin ya dameni sosai.

Tsohon kafinta:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka sa sandar ƙarfe a cikin wuyan kuwa? Ita ake juyawa ta ja wuyan baya ta yi tsayayya da jan tsirkiya, in babu ita sai dai haƙuri ka sake wani. Sannan dole katakon ya bushe sosai, ɗanye ko ya miƙe yau gobe zai murɗe. Ni na fi son ɗaure wuya da sukuru irin na jitar kamfanin Fender, in ya ɓaci ka kwance kawai, na gam irin na kamfanin Gibson kam aiki ne ja.

Mai gyaran jita:
Maganar sauti awo ne malam. Auna daga inda tsirkiya ta fara zuwa gadar da take hawa, na Stratocaster (wata jitar Fender) inci 25.5 ne, firet (siraran ƙarafan da ke jere a wuyan, inda ake danna tsirkiya) na 12 kuma dole ya faɗo a tsakiya cif. In ya kauce ko kaɗan kunne zai ji.

Sabon hannu:
Na gode yaya, ban sa sandar ba gaskiya. Gobe zan yanko sabon wuya in sha Allah.